Nasara 19, Faɗuwa 31: Farkon Kakar da Magoya Bayan Washington Nationals Ba Sa Mantawa

Ranar Alhamis, 23 ga Mayun 2019, ƙungiyar besbol ta Washington Nationals ta tattara kayanta ta bar birnin New York bayan ƙungiyar Mets ta lallasa ta sau huɗu a jere cikin kwana huɗu. A wasan ƙarshen ma ita ke kan gaba a zango na takwas, kafin Carlos Gómez ya ɗauke ƙwallo ya tsallakar da ita katanga, ya kwashe maki uku a bugu ɗaya, aka tashi 6 da 4. Kocin ƙungiyar, Dave Martinez, bai ga ƙarshen wasan daga bakin fili ba, domin alƙalin wasa ya kore shi bayan wata hatsaniya da har ta kai shi ga jifa da hularsa. A daren nan teburin gasar ya nuna Nationals ta buga wasa 50, ta ci 19, an ci ta 31. Cikin ƙungiyoyi 15 na ɓangaren National League, Miami Marlins kaɗai ce ke ƙasa da ita. Philadelphia Phillies, wadda ke jan ragamar rukuninsu, ta ba ta ratar wasa goma.

Wata biyar da mako ɗaya bayan haka, ranar 30 ga Oktoba, wannan ƙungiya ce ta ɗaga kofin World Series a birnin Houston. Tun daga lokacin, lambobin nan biyu, 19 da 31, suka shiga bakin duk wani mai goyon bayan Nationals. Da zarar kaka ta fara da tangarɗa, sai ka ji an ambato su a jirgin ƙasa, a rediyo, a kujerun 'yan kallo. Ni ma ina cikin masu ƙaunar wannan ƙungiya, kuma ina ganin lokaci ya yi da za mu zauna mu tambayi kanmu abin da ainihi ya faru a waccan bazara, domin yawancin masu ambaton lambobin sun riƙe daɗin ƙarshen labarin, sun saki dalilinsa.

Kakar da ba ta gajiya

Mai karatu da ya saba da ƙwallon ƙafa yana bukatar ya san abu ɗaya kafin komai, wato tsawon kakar besbol. A gasar Firimiya ta Ingila, wadda ake cika gidajen kallo saboda ita daga Kano har Maraɗi, kowace ƙungiya wasa 38 take bugawa. A babbar gasar besbol ta Amurka, MLB, ƙungiyoyi 30 ne, kuma kowacce wasa 162 take bugawa daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba. Kusan kullum ana fili. Sai a yi kwana goma ko fiye ba a huta ba. Ƙungiya ta isa gari, ta buga da masu masaukinta sau uku ko huɗu a jere, ta hau jirgi cikin dare ta nufi wani garin.

Shi wasan kansa tsarinsa ba wuya. Mai jifa yana tsayawa a kan ɗan tudu, nisan mita 18 da ɗoriya daga mai bugu, ya wurgo masa ƙwallo da gudun da kan haura kilomita 150 a awa. Mai bugu, da sandarsa a hannu, yana ƙoƙarin dokan ta ya ruga ya zagaya tashoshi uku ya dawo inda ya taso. Duk wanda ya kammala zagayen ya ci maki ɗaya. Idan ya doke ta ta tsallake katangar fili, shi da duk abokansa da ke tsaye a tashoshi sun ci makinsu ba tare da an tare su ba. In aka fitar da masu bugu uku, sai a yi musaya, masu tsaro su karɓi sanda. Ana yin haka har zango tara, kuma babu kunnen doki: in an yi daidai, sai a ci gaba har sai wani ya yi nasara.

Abin da wannan tsari ya haifar shi ne, babu ƙungiyar da ke tsira daga faɗuwa. A 2019 Houston Astros ce ta fi kowa, ta ci wasa 107, amma duk da haka an doke ta sau 55. Seattle Mariners ta 2001, wadda ta ci 116, ita ma ta sha kashi sau 46. Ƙungiya mafi rauni tana iya doke mafi ƙarfi a kowace rana, in mai jifanta ya tashi da ƙafar dama. Saboda haka mai goyon bayan besbol yana koyon haƙurin da mai kallon ƙwallon ƙafa bai cika bukata ba. An ci ku yau, gobe da ƙarfe bakwai na yamma akwai wani wasan.

Amma haƙurin nan yana da iyaka. Wasa 50 cikin 162 ya yi daidai da kusan wasa 12 a Firimiya. Duk wanda ƙungiyarsa ta kai mako na goma sha biyu tana ta biyun ƙarshe a tebur, alhali da sunan neman kofi ta shigo, ya san irin ɗacin da ke bakin mutanen Washington a ranar nan.

Birnin da ya daɗe yana jira

Ɗacin yana da tarihi. Kafin 2019, rabon Washington da kofin World Series tun 1924, zamanin ƙungiyar Senators da shahararren mai jifanta Walter Johnson. Sau biyu birnin yana rasa ƙungiyarsa: ta farko ta koma Minnesota bayan kakar 1960, ta biyu ta koma Texas bayan kakar 1971. Daga nan aka shafe shekara 33 babban birnin Amurka ba shi da ƙungiya a babbar gasa, sai a 2005 da aka ɗauko Montreal Expos daga Kanada aka sauya mata suna. A 2008 aka buɗe mata filinta, Nationals Park, a gefen kogin Anacostia.

Bayan shekarun farko na wahala, ƙungiyar ta yi ƙarfi. Ta lashe rukuninta a 2012 da 2014 da 2016 da 2017, kuma duk sau huɗun a zagayen farko na sili-ɗaya-ƙwale aka yi waje da ita. Na 2012 ya fi ciwo, domin a wasan raba gardama da St. Louis Cardinals tana gaba da 6 da nema, a gidanta, aka zo aka ƙwace. Bayan 2017 shugabannin ƙungiyar suka rabu da koci Dusty Baker, wanda ya ci musu rukuni sau biyu a jere, suka ɗauko Martinez, wanda bai taɓa jagorantar ƙungiya ba. Kakarsa ta farko ta ƙare da nasara 82, faɗuwa 80, ba a ko shiga sili-ɗaya-ƙwale ba.

Sai kuma ga batun Bryce Harper. Tun yana ɗan shekara 19 yake sanye da rigar Nationals, shi ne fuskar ƙungiyar, shi ne sunan da ke bayan rigunan yara. Gab da fara kakar 2019 ya rattaba hannu a kwantiragin shekara 13 na dala miliyan 330 da Phillies, abokiyar hamayya ta rukuni ɗaya, wadda birninta bai wuce tafiyar awa uku a mota ba. Ranar 2 ga Afrilu ya dawo Washington cikin baƙuwar riga. 'Yan kallo suka yi masa ihu, mai jifan Nationals Max Scherzer ya fitar da shi sau biyu, fili ya ɗauki sowa. Kafin a tashi, Harper ya tsallakar da ƙwallo katanga, Phillies ta ci 8 da 2. A wannan daren ne kuma ƙwallo ta bugi hannun Trea Turner ta karya masa yatsa. Turner shi ne mai buɗe bugu, shi ne mafi gudu a ƙungiyar, kuma shi ke tsare gurbi mafi wahala a tsakiyar fili. Bai dawo ba sai 17 ga Mayu.

Daga nan raunuka suka yi ta biyo juna. Ƙwallo ta sami Anthony Rendon a gwiwar hannu cikin Afrilu, ya tafi jinya. Juan Soto, matashin Jamhuriyar Dominika mai shekara 20, ciwon baya ya zaunar da shi a farkon Mayu. Ryan Zimmerman, ɗan wasan farko da ƙungiyar ta zaɓa bayan zuwanta Washington, ciwon tafin ƙafa ya kama shi. Akwai ranakun da mutum zai duba jerin masu bugu tara ya ga babu ko ɗaya daga cikin manyan huɗun nan.

Ciwon da ya fi kowane

Duk da haka, in ka tambayi wanda ya bi wasannin nan ɗaya bayan ɗaya, zai ce maka raunuka ba su suka fi ƙona rai ba. Masu karɓar jifa ne.

A besbol, mai buɗe jifa yakan yi zango biyar zuwa bakwai, ya wurga ƙwallo kamar ɗari, hannu ya gaji, a sauke shi. Sai masu karɓa su shigo, kowa ya yi zango ɗaya ko ƙasa da haka, su kai wasan ƙarshe. A ɓangaren masu buɗewa Nationals ta fi yawancin ƙungiyoyi arziki. Tana da Scherzer, wanda sau uku yana cin kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa. Tana da Stephen Strasburg, wanda aka zaɓa na ɗaya a duk faɗin ƙasar a 2009. Ta kuma sayo Patrick Corbin a kan dala miliyan 140 na shekara shida. Waɗannan za su yi aikinsu, su sauka ƙungiya tana gaba da maki ɗaya ko biyu, sai zango na takwas ya zo komai ya wargaje. Kamar mai ɗibar ruwa da tulu mai tsaga ne: ya sha wahalar rijiya, kafin ya iso gida rabi ya tsiyaye a hanya.

Trevor Rosenthal, wanda aka ɗauko musamman don ya riƙe zango na takwas bayan ya dawo daga tiyatar gwiwar hannu, ya fito sau huɗu a farkon kaka bai fitar da mai bugu ko ɗaya ba. Na ga yadda 'yan kallo suka tashi tsaye suna tafa masa don ƙarfafa gwiwa, kuma na ga yadda tafin ya koma shiru. Mutum ne da ya yi fice a St. Louis a baya, kuma kallonsa yana neman saitin hannunsa a gaban dubban mutane abu ne mai ban tausayi. A watan Yuni ƙungiyar ta sallame shi. Sean Doolittle, mai rufe wasa, shi kaɗai ne koci ya amince da shi, don haka aka yi ta ɗora masa kaya fiye da ƙima, har shi ma ya fara sagewa. A wasa na uku na waccan tafiya ta New York shi aka yi wa ruwan maki. Ranar 2 ga Mayu aka kori mai horar da masu jifa, Derek Lilliquist, aka naɗa Paul Menhart. Ba a ga sauyi nan take ba.

A shekarar, watan azumi ya kama ne daga farkon Mayu, don haka mafi munin kwanakin nan duk a cikin Ramadan suka faɗo. A lokacin wasan dare yana farawa da ƙarfe bakwai da 'yan mintoci, rana kuma ba ta faɗuwa a Washington a ƙarshen Mayu sai bayan takwas. Musulmin da ke bin ƙungiyar yakan sha ruwa ana tsakiyar wasa, Nationals tana gaba, ya tafi sallar asham, ya dawo ya duba waya ya tarar an juye sakamakon. Ya faru har ya zama abin da ake sa rai.

A kori koci?

Kamar ko'ina a duniya, da ƙungiya ta fara tangal-tangal, wuyan koci ake nema. Masu kiran waya a shirye-shiryen wasanni na rediyo da marubuta a jaridu sun yi ta cewa Martinez ya tafi. Kuma masu wannan kira suna da hujja. A 2003 Florida Marlins ta fara kaka da nasara 16 da faɗuwa 22, ta kori kocinta ta ɗauko dattijo Jack McKeon, ta je ta ci World Series. Daga baya ma, a 2022, Phillies ta kori Joe Girardi tana da 22 da 29, kuma ta kai wasan ƙarshe. Wani lokaci sabuwar murya tana tayar da 'yan wasa daga barci.

Mike Rizzo, babban manajan da ke da alhakin saye da sayar da 'yan wasa a lokacin, ya ƙi. A nawa ganin ya yi daidai, kuma daidai ɗin ba ya bukatar kofin Oktoba ya tabbatar da shi. Tambayar da ta kamata a yi a ranar 23 ga Mayu ita ce: me ke kayar da ƙungiyar nan, kuma korar koci za ta gyara shi? Korar Martinez ba za ta ɗinke yatsan Turner ba. Ba za ta mayar wa Rosenthal saitinsa ba. Koci yana ɗaga waya ya kira mai karɓa, amma cikin waɗanda aka ba shi zai zaɓa. In akwai mai laifi a wannan fanni, wanda ya haɗa tawagar ne, wato Rizzo kansa, kuma shi ya san haka. Ba na cewa Martinez bai yi kurakurai ba. Akwai darare da ya bar mai jifa ya wuce lokacinsa, akwai waɗanda ya yi gaggawar sauke shi. Sai dai abu ɗaya da kowa ya shaida shi ne, 'yan wasan ba su juya masa baya ba. Ba a ji tsegumi daga ɗakin sauya kaya ba. Kullum maganarsa ɗaya ce, a ci wasan yau kawai, a bar na gobe sai gobe. A lokacin mutane da yawa sun gaji da jin ta. Daga baya aka buga ta a riguna.

Abin da tebur bai nuna ba

Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma mafi yawan lokaci haka abin yake a besbol. Detroit Tigers ta 1984 ta ci 35 cikin wasanninta 40 na farko, ba ta waiwaya ba har ta ɗauki kofi. Baltimore Orioles, maƙwabciyar Washington, ta fara kakar 1988 da faɗuwa 21 a jere, ta ƙare da faɗuwa 107. Chicago White Sox ta 2024 ta ci uku kacal cikin 25 na farko, ta rufe kaka da faɗuwa 121. A waɗannan, farkon kaka gaskiya ya faɗa.

Amma a ita 2019 ɗin kanta akwai darasi daga ɗaya gefen. Seattle Mariners ta buɗe kaka a Tokyo, ta ci 13 cikin 15 na farko, magoya bayanta suna ta murna. Ta ƙare ta ƙarshe a rukuninta da nasara 68 da faɗuwa 94. Duk wanda ya dubi sunayen 'yan wasanta a Afrilu ya san ƙungiya ce da ta sayar da manyanta tana sake gini, kuma zafin nan ba zai ɗore ba. Phillies da ta ba Nationals ratar wasa goma ta ƙare da 81 da 81, ta kori kocinta Gabe Kapler.

Abin da ya bambanta Nationals shi ne, matsalolinta irin waɗanda lokaci da ɗan kuɗi ke warkarwa ne. Turner ya dawo, Rendon ya dawo, Soto ya dawo. Aníbal Sánchez, mai buɗe jifa na huɗu, wanda aka rubuta masa faɗuwa shida babu nasara ko ɗaya, ya yi ɗan jinya ya dawo ya ci 11 aka ci shi biyu kawai a sauran kakar. Ranar 24 ga Mayu aka doke Marlins 12 da 10 a wani wasa mai cike da kurakurai, wanda babu wanda ya ɗauke shi a bakin komai. Daga ranar zuwa ƙarshen Satumba Nationals ta ci wasa 74, aka ci ta 38. Kafin watan Yuni ya fita nasarorinta sun kamo faɗuwarta.

Rizzo kuma ya yi ta tsince-tsince. Ya ɗauko Gerardo Parra, ɗan Benezuela da San Francisco Giants ta sallama, wanda kwana kaɗan da zuwansa ya ci maki huɗu a bugu ɗaya a gidan Los Angeles Dodgers. Parra bai zama tauraro a fili ba, amma ya kawo raha cikin tawagar da ta manta da dariya. Shi ne ya zaɓi waƙar yara ta Baby Shark a matsayin kiɗan fitowarsa saboda 'yarsa tana son ta, har ta kai dubban manya suna tashi suna tafi da hannuwa miƙe duk lokacin da ya ɗauki sanda. Aka ɗauko Fernando Rodney mai shekara 42, wanda ya fi kowa tsufa a gasar. A ranar ƙarshe ta cinikin 'yan wasa, 31 ga Yuli, aka sayo Daniel Hudson daga Toronto. Masu karɓar jifan ba su taɓa zama nagartattu ba, har kaka ta ƙare suna cikin mafi rauni a gasar, sai dai an sami mutum biyu da za a iya miƙa wa ƙwallo ba tare da an rufe ido ba.

Akwai dare ɗaya da nake ganin ya fi kowane bayyana halin tawagar. A tsakiyar Yuni ƙwallo ta fasa wa Scherzer hanci a wajen atisaye. Washegari ya fito da kumburarren ido, baƙi ƙirin, ya yi zango bakwai da Phillies ba a ci shi maki ko ɗaya ba, ya fitar da mutum goma da jifa. Ƙungiyar da ta yanke ƙauna ba ta yin haka. Rendon ya ƙare kaka da tsallake katanga 34, ya kuma shigo da maki 126, fiye da kowa a gasar. Soto ma 34 ya yi. Nationals ta rufe da nasara takwas a jere, biyar daga ciki a kan Phillies, ta tsaya a 93 da 69. Atlanta Braves ce ta ci rukunin, amma Washington ta samu ɗaya daga gurabe biyu da a lokacin ake ware wa waɗanda suka fi yawan nasara cikin sauran.

Labarin Oktoba sananne ne, ba sai na ja shi ba. Sau biyar ƙungiyar ta buga wasan da in ta faɗi ta fita, duk biyar ɗin an fara cin ta, duk biyar ɗin ta farke. Bugun Soto a zango na takwas ya kayar da Milwaukee Brewers 4 da 3. A Los Angeles, gidan Dodgers mai nasara 106, Rendon da Soto suka tsallakar da jifa biyu a jere na mai jifan Dodgers Clayton Kershaw, sannan Howie Kendrick mai shekara 36 ya ci maki huɗu a zango na goma. Aka share Cardinals huɗu babu ko ɗaya. A World Series da Astros, duk wasanni bakwai baƙi ne suka ci, abin da bai taɓa faruwa ba. Washington ta faɗi uku a gidanta, ta ci huɗu a Houston. Kendrick ne ya sake juya wasan ƙarshe, Hudson ya yi jifan rufewa, aka tashi 6 da 2, Strasburg ya zama gwarzon World Series ɗin. Abin lura shi ne yadda Martinez ya magance tsohon ciwon: a Oktoba akwai ranakun hutu tsakanin wasanni, don haka ya riƙa sa masu buɗe jifansa, musamman Corbin, su yi aikin masu karɓa.

Bayan biki

Nan ne nake son 'yan'uwana magoya baya su tsaya su yi tunani. Tun daga 2020 har zuwa 2025 Nationals ba ta sake kammala kaka da nasarori fiye da faɗuwa ba. Rendon ya tafi Los Angeles Angels makonni kaɗan bayan kofin. Strasburg ya sa hannu a kwantiragin dala miliyan 245, jiki ya ƙi, ya yi 'yan wasanni ƙalilan ya yi ritaya. A Yulin 2021 aka sayar da Scherzer da Turner ga Dodgers. A Agustan 2022 aka miƙa Soto ga San Diego Padres bayan ya ƙi tayin dala miliyan 440, kuma a shekarar an ci ƙungiyar sau 107. A 2023 da 2024 ta tsaya a 71 da 91. A Yulin 2025 masu ƙungiyar suka sallami Martinez da Rizzo a rana ɗaya.

A kowace ɗaya daga cikin waɗannan shekaru, in Mayu ya zo tebur ya yi muni, akwai wanda zai ce a tuna 19 da 31. Na fahimci abin da ke sa a faɗe ta. Wanda ya ga matacce ya tashi sau ɗaya, da wuya ka sa shi ya yarda da likita. Kuma ba na son a raba mutane da fatansu, domin fata ce ke sa uba ya ɗauki 'ya'yansa ya hau layin jirgin ƙasa zuwa Nationals Park cikin sanyin Afrilu. Amma lambobin nan sun zama mayafi, kuma waɗanda suka fi amfana da mayafin su ne masu ƙungiya da ba sa son kashe kuɗi. Tawagar 2019 ta faɗi wasa 31 tana da manyan masu buɗe jifa uku da kowace ƙungiya za ta yi kwaɗayinsu, da masu bugu uku da ke cikin fitattun gasar suna ɗakin jinya, ana ƙirga ranar dawowarsu. Tawagogin da suka biyo baya sun faɗi nasu wasannin ne da iyakar ƙarfin da suke da shi. Babu wani Rendon da ake jira ya warke.

Ba wai babu abin kallo ba. Cinikin Soto ya kawo matasa irin su CJ Abrams da MacKenzie Gore da James Wood, kuma ganin yaro yana girma a gaban idonka wani daɗi ne na daban, wanda mai bin ƙungiyar taurari bai san shi ba. Sai dai wannan daɗin gini ne, kuma ya kamata a kira shi da sunansa. Mai goyon baya na gaskiya yana da haƙƙin ya ƙaunaci ƙungiyarsa ya kuma faɗi cewa ba ta isa ba tukuna, ya tambayi masu ita ina kuɗin tikiti ke tafiya, ya ƙi karɓar tarihin shekara ɗaya a madadin 'yan wasa.

Don haka idan sabuwar kaka ta kama, ƙungiyarka ta yi mako shida tana tuntuɓe, ko ta besbol ce ko ta ƙwallon ƙafa, kada ka tsaya a kan tebur, kada kuma ka tsaya a kan labarin Washington. Buɗe jerin masu jinya ka ga su waye, ka duba a wane lokaci na wasa ake cin ku, ka tambayi kanka ko abin da ya lalace irin wanda ake gyarawa ne kafin a rufe kasuwar 'yan wasa. In amsar ta yi kama da ta Nationals a ranar 23 ga Mayun 2019, ka riƙe kujerarka. In ba ta yi ba, ka ci gaba da zuwa fili, amma ka nemi masu ƙungiyar su ba ka bayani.